Man Birkin da Na Yi Shekaru Ina Yi wa Ciko

Duk mai tsohuwar mota yana da 'yan dube-duben da yake yi da safe kafin ya tayar da inji: ya ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar, ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya ya ɗan shusshuri tayoyi. Ni nawa har da kallon 'yar robar man birki da ke can ciki ta ɓangaren direba. In na ga man ya sauka daga layin sama, sai in ɗauko gwangwanin da ke zaune a but, in tsiyaya har ya cika, in mayar da murfi. Da wannan nake lissafa kaina cikin masu kula da mota, har ina yi wa wasu faɗa. Baƙin mai ba ya wuce lokacinsa a hannuna, fulogi ma haka. Amma tun ranar da na sayi motar ban taɓa sa an zubar da man birkinta an zuba sabo ba, kuma bai taɓa faɗo mini a rai cewa abu ne da ake yi ba. A ganina mai ne da ke rufe cikin bututu, ba ya ƙonewa, ƙura ba ta samunsa. Me zai ɓata shi?

Motar Golf 3 ce, ƙirar 1996, 'yar Kwatano. Ta ci ƙuruciyarta a Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, sannan ta biyo jirgin ruwa ta zo ta ci gaba da wahala a hannunmu. Kamfanin da ya ƙera ta ya ce a canza man birki duk shekara biyu, ko ana hawan motar kullum ko tana ajiye a rumfa. Littafin da maganar take ciki bai biyo motar ba, kamar yadda ba ya biyo yawancin motocin da ake shigo mana da su. Sai dai ba zan fake da wannan ba. A kan murfin robar an rubuta DOT 4 ɓaro-ɓaro, hannuna ya murza murfin nan ba adadi, ban taɓa tambayar kowa abin da rubutun yake nufi ba.

Asirina ya tonu ne a Hawan Kibo. Mun tashi daga Jos za mu Lafiya ɗaurin aure, mota cike da manya, but cike da kaya. Wanda ya san hanyar ya san cewa in an wuce Riyom sai gangara, domin Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma ta wannan hanya mai kwana-kwana ake saukowa. To ni kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na koyi wata ɗabi'a: in na samu gangara sai in cire giya in saki mota a furi, wai ina tattalin mai. Ranar ma haka na yi. Muka cim ma wata tirela tana saukowa a hankali da giyarta mai nauyi, ba damar wucewa, sai na ɗora ƙafa a kan birki na bar ta a nan, ina biye da ita.

Da farko ji na yi fedar ta yi laushi, sai ta yi nisa kafin ta kama. Kwana ɗaya muka ƙara sha, na taka, ta tafi har ƙasa motar ba ta san an yi ba. Na shiga bugawa da sauri har ta ɗan kama, na cusa giya ta uku, inji ya yi kururuwa, na sake cusa ta biyu, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan. Allah ya sa akwai ɗan fili a gefe. Ba abin da ke tashi a motar sai salati. Da muka fito, tayoyin gaba na fitar da zafin da hannu ba ya iya matsawa kusa.

Wani dattijon direban bas da ya tsaya a gabanmu ya tako, ya sunkuya ya shinshina tayar, ya shiga ya taka fedar. Ya ce, "Malam, manka ne ya tafasa. Kada ka watsa wa farantin ruwa, ka bar shi ya huce da kansa. Yaushe rabonka da canza shi?" Na ce ai ko da safen nan sai da na cika shi. Ya dube ni, ya ce, "Ni ban ce ciko ba." Ya koma motarsa.

Bayan mun zauna an sha iska, na taka birki na ji shi garau, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Wannan shi ne mugun halin man da ya tafasa: in ya huce sai ya shafe sawunsa. Da yawa a nan suke cewa tsautsayi ne ya gifta, su hau mota su manta. Ni dai na ƙarasa gangarar da giya ta biyu, jikina na ɓari, kuma da na dawo gida na zauna na nemi sanin abin da ya so hallaka mu.

Birkin irin waɗannan motoci da matsin mai yake aiki. Feda tana tura fistin a cikin masta, masta ya tura mai ta siraran bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa ƙafafu huɗu, a can man ya tura wasu fistin ɗin su matse faranti a gaba, su buɗa lainin a cikin duram a baya. Ƙa'idar tsohuwa ce, masanin nan na Faransa, Faskal, ya bayyana ta tun ƙarni na 17: in aka matsa abu mai ruwa-ruwa a rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai. Sharaɗin guda ne, kada a samu abin da zai matsu a hanya. Ɗauki sirinji ka cika shi da ruwa, ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, ba zai motsa ba. Zubar da rabin ruwan ka bar iska a ciki, za ka ga ya shige. Tururi ma haka yake. Da zarar mai ya tafasa a jikin ƙafar mota ya zama tururi, ƙarfin ƙafarka a matse tururin yake ƙarewa, ba ya isa taya.

Abin da ban sani ba shi ne man birki yana shan ruwa. Ana haɗa shi da sinadarai dangin gilaikol, waɗanda ɗabi'arsu ce su zuƙi danshi daga iska. Ba kuskure ba ne, da gangan aka zaɓe su, domin gara ruwan ya narke ya bazu cikin mai da ya taru wuri ɗaya ya zama ɗigon da zai tafasa a digiri 100, ko ya daskare a ƙasashen sanyi. Danshin kuwa ba ya rasa ƙofa. Yana bi ta 'yar hudar numfashi da ke jikin murfi, yana ratsa jikin tiyon roba a hankali, yana shiga duk lokacin da aka buɗe murfin, balle da damina, balle wurin masu wankin inji da ke feshe komai da ruwa mai ƙarfi. Rubutun nan na DOT ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka, kuma abin da ya fi kula da shi shi ne zafin da mai zai jure. Sabon DOT 4 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas ba. In ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya yarda ya sauko har 155. Na DOT 3 kuwa 205 ne yana sabo, 140 in ya jiƙa. Ɗan ruwan da ido ba ya gani ke nan ya kwashe wajen digiri 70 daga juriyar mai, alhali faranti a doguwar gangara yana ɗaukar zafin digiri ɗaruruwa.

Sai na gane cikon da nake tinƙaho da shi wauta ce hawa-hawa. Gwangwanin da ke but an daɗe da fasa shi, shi ma ya sha nasa danshin, jiƙaƙƙe nake ƙarawa a kan jiƙaƙƙe. Ko da sabo ne, a robar sama yake tsayawa. Man birki ba ya zagayawa yadda baƙin mai ke yi. Wanda ke ƙasa jikin taya, wanda shi ne ke shan wuta, yana nan inda yake shekara da shekaru, sai dai ya ɗan matsa gaba ya dawo. Sannan saukar man a roba saƙo ne da na riƙa gogewa ban karanta ba. Mai ba ya ƙarewa haka kawai: ko dai fad ɗin birki ne suka cinye fistin ya fito waje mai ya bi shi, ko kuma wani wuri yana yoyo.

Furin ma ashe ko tattalin ban yi ba. Yawancin injinan da ke da injekta, in mota na gangara da giya a ciki kuma an ɗage ƙafa daga totur, yanke fetur suke yi gaba ɗaya. In an cire giya kuwa dole inji ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Na hana inji riƙe motar, na ɗora wa birki nauyin duka, ban tsira da ko kwabo ba.

Da a nan na tsaya, na kai motar wurin masu sana'ar, da labarin ya zo da sauƙi. Amma ɗan karatun da na yi sai ya hau mini kai. Na ga aikin ba wuya: a buɗe ɗan nipul da ke jikin kowace ƙafa, a taka feda, tsohon mai ya fita, sabo ya bi bayansa. Na je wurin wani mai shagon kayan mota da na saba da shi na sayi lita guda ta DOT 4 a rufe. Ranar Asabar na kira ɗan yayata, saurayi mai jini a jika, na zaunar da shi a kujerar direba, ni kuma na kwanta a ƙarƙashi da sifana. Na ce masa in na ce danna, ya danna iya ƙarfinsa har sai fedar ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Kawu, har ƙasa?" Na ce har ƙasa, kada ka ji tausayinta. Yaro ya bi umarni. Man da ya fara fita baƙi ne ƙirin, da ɗan gari-gari a ciki. Muka bi ƙafa huɗu har ya koma garau mai ɗan rawaya. Na fito ina share gumi ina jin na gama da Hawan Kibo har abada.

Washegari a danja na lura da wani abu. Na tsaya, ƙafata na kan birki, sai na ji fedar tana nitsewa a hankali, motar ta fara sulalewa. Na ɗaga na sake takawa, ta kama, ta sake nitsewa. Na duba ƙasa ba ɗigon mai, robar sama a cike. A nan ne na yi abin da ya fi komai muni a wannan labari: na ci gaba da hawan motar a haka, har da kai yara makaranta, ina ce wa kaina iska ce ta rage za ta fita. Na sake kiran yaron muka maimaita aikin, har ƙasa dai. Abin ya ƙaru.

Da na rasa yadda zan yi, sai na nemi wanda zan ɗora wa. Birki yana kamawa kafin in zuba man nan, yanzu ba ya riƙewa, to me ya rage? Jabu aka sayar mini. Jabun kaya gaskiya ne a kasuwanninmu, kowa ya sani, shi ya sa zargin ya zo mini da daɗi. Na ɗauki ragowar gwangwanin na nufi shagon. A gaban maƙwabtansa da masu ciniki na dangwara masa shi a kan tebur, na ce ya ji tsoron Allah, da ran mutane yake wasa. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, man nan shi nake sayar wa kowa. Wa ya yi maka aikin?" Tambayar ta ƙara tunzura ni, don na san amsar. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini kuɗina, na karɓa na tafi. Laifi tudu ne.

Garejin da na ƙare a ciki na wani dattijo ne da ya tsufa a kan motocin Jamus. Ya zauna a kujera, ya tayar da inji, ya ɗora ƙafa ya riƙe bai ce komai ba, muna kallon gwiwarsa tana miƙewa. Ya ce birkin da iska ke ciki laushi yake yi, in an bubbuga ya yi tauri. Wanda kuma yake nitsewa a hankali ba tare da yoyo a waje ba, masta ne ke zubarwa ta ciki, man yana zagaye roba yana komawa baya. Na ce, "Baba, ai man ne jabu." Ya sa yaronsa ya kawo kofin gilashi da ruwa, ya ɗiga man a ciki ya kaɗa, ya narke ya bi ruwan. Ya ce da an gauraya shi da baƙin mai ko wani dangin fetur da ya taso sama yana yawo, kuma da robar da ke cikin murfin nan ta kumbura ta yi laɓo-laɓo. Ya ciro ta ya nuna mini, lafiyarta lau. Ya ce wannan gwaji ba ya nuna ingancin mai duka, amma ya isa ya nuna ba shi ya kashe mini birki ba.

Sai ya kwance mastan, ya zare fistin, ya haska cikin ramin da tocilan waya ya ce in leƙa. Daga baki zuwa wani wuri ƙarfen sumul yake yana sheƙi, nan ne iyakar inda roba take kaiwa da komowa kullum in an taka birki. Daga nan zuwa ciki kuwa launin ƙasa ne, tsatsa ta ciccije shi, ga wani dattin da ya daskare ya yi gaɓa. Ya ɗora robar fistin a tafin hannuna, ya juya ta da farce. Leɓenta, wanda ya kamata ya zama mai kaifi a zagaye, ya yi zazzago, an yayyage shi wuri-wuri. Ya ce, "Shekara nawa robar nan ba ta taɓa shiga can ba. Ruwan da ke cikin manka ya yi ta cin wurin. Da ka buɗe nipul, ba abin da zai tare feda, ka sa aka tura ta ta bi ta kan tsatsa. Sau nawa kuka danna?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "Ita ta ƙirga."

Ya ƙara da cewa mastan dama ya kusa, ko ban taɓa shi ba wata rana zai ba da kai. Na so in riƙe wannan magana in yi matashi da ita, amma ba ta wanke ni ba. Tsatsar sakacina ce ta shekaru, yagewar kuma gaggawata ce ta yini ɗaya.

Na zauna a kan benci na kalli yadda ake aikin a hannun wanda ya iya, kuma abin da na fi lura da shi shi ne rashin saurinsa. Sabon mastan bai ɗaura shi kai tsaye ba. Sai da ya damƙe shi a bakin tebur, ya cika shi da mai, ya riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta daina fitowa, domin iskar da ta maƙale a masta tana da wuyar kora in an riga an ɗaura. Ya wanke robar sama ya fitar da laka daga gindinta. Ya ce ko ba a canza masta ba, da sirinji ake fara zuƙe tsohon man da ke sama, don kada a tura dattinsa cikin layi.

Nipul kuwa lallaɓa su ya yi. Ya goge kowanne da burushin ƙarfe, ya fesa masa man sassauta tsatsa ya ba shi lokaci, sannan ya sa sifana mai zobe wadda ta zauna daram, ya ɗan ƙwanƙwasa kafin ya murɗa. Ƙaramin ƙarfe ne mai rami a ciki, a tsohuwar mota ba wuya ya karye a gindi, kuma in ya karye an shiga sayen abin da ba a yi niyya ba. Ni da na murɗe nawa da ƙarfin tuwo sa'a kawai na ci. Ya zura siririn tiyo mai nuna ciki a bakin nipul, ɗaya bakin a cikin gora da ɗan mai a gindinta, yadda ko an yi kuskure mai za ta zuƙa ba iska ba, kuma ana ganin kumfa tana wucewa. Sannan ya ɗauko guntun katako ya ajiye a ƙarƙashin feda, don kada ta tafi har ƙasa. Guntun katako! Rashinsa ne ya jawo mini sayen sabon masta, da kwanakin fargaba, da cin mutuncin bawan Allah.

"Danna. Riƙe. Saki." Haka ya yi ta faɗa wa yaronsa, shi kuma yana amsawa da "na riƙe" kafin a buɗe, ba ya ɗagawa sai an ce an rufe. A hankali ake dannawa, a hankali ake saki. Ya fara da ƙafar baya ta dama, wadda ta fi nisa da masta, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, ya ƙare da gaba ta hagu. Ya ce wannan tsarin motata ne, wasu motocin nasu daban, kada in ɗauke shi in kai wa kowa. Bayan 'yan dannawa kaɗan sai ya aika a duba robar sama a ƙara mai, domin in ta ƙafe ta zuƙi iska an koma farko, a mota mai ABS kuwa iskar kan shige inda sai da na'ura ake fitar da ita. Akwai kuma wani bawul kusa da gatarin baya da ke rage ƙarfin birkin baya in mota ba kaya. In an ɗaga mota tayoyi na lilo, bawul ɗin ya ɗauka ba nauyi, sai ya takure man. Ya tura hannunsa ya riƙe shi a buɗe. Ni ban ma san da zamansa ba, shi ya sa man baya ya riƙa fito mini da ƙyar.

Da ya cire duram na baya sai ga amsar cikon da na yi shekaru ina yi: ɗan silindan da ke ciki yana tsattsafo, ƙurar wurin ta jiƙe ta yi baƙi, lainin ɗin gefen ya sha mai. Aka canza silindan, aka canza lainin na ɓangarorin biyu, domin ba a yi wa birki gyaran gefe ɗaya. Tiyon gaba guda ya tsattsage in an lanƙwasa shi, shi ma ya tafi.

Muna cikin haka hira ta kai mu ga abubuwan da yake gani. Masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare a daji, su iso gari su manta da shi a ciki. Masu daddaƙe bututun ƙafar da ke yoyo da guduma su ci gaba da lodi da ƙafa uku. Masu zuba man sitiyari ko man giya, wanda ke kumbura duk wata roba da ke layin. Ya ce DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ne, suna haɗuwa, ko da yake ba a sauka ƙasa da abin da aka rubuta a murfi. DOT 5 kuwa, mai launin shunayya, silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kuma kusancin lambar ya sha ruɗin mutane. Ya kuma bambanta mini abu biyu da na ɗauka ɗaya ne: in fad ne suka yi zafi fiye da kima, feda tana nan da taurinta amma mota ba ta tsayawa, ga ƙauri. In mai ne ya tafasa, fedar ce ke tafiya. Maganin duka biyun a gangara ɗaya ne, a sa giya mai nauyi tun daga sama, a riƙa taka birki da ɗan ƙarfi ana saki, ba a kwantar da ƙafa a kai ba.

Ɗan man da ya ɗiga a jikin fenti nan take ya sa aka wanke da ruwa, don yana cin fenti. Tsohon man kuma ya juye shi a wani galan da ya keɓe. Wannan ya sa gabana ya faɗi, domin nawa yana gida a cikin gorar lemo, a jingine bayan ƙofa inda yara ke wasa. Guba ne, kuma dangin gilaikol suna da ɗan zaƙi a baki. Ɗaya daga cikinsu, dayetilin gilaikol, shi ne aka samu a maganin fitar haƙori da ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Daga garejin na buga waya gida na ce a ɗauke gorar a kulle.

Kafin ya ba ni makulli ya sake tayar da inji ya riƙe feda da ƙarfi na ɗan lokaci, ba ta motsa ba. Ya zagaya ya shafa kowace mahaɗa da yatsa. Muka fita wani layi da ba mutane ya gwada a hankali, sannan da ɗan gudu. Ya rubuta wata da shekara a jikin farin salatif ya manna kusa da robar. Ragowar man da ya zuba mini ya ce in bar masa ya yi wa wani aiki a ranar, kada in mayar da shi but, in ina son na ko-ta-kwana in sayi ƙarami a rufe.

Komawa shagon ya fi mini biyan kuɗin masta nauyi. Na yi ta ɗagawa, har sai da matata ta ce kuɗin mutumin fa suna hannuna, haram nake riƙe da ita. Na je da yamma lokacin da na san kasuwa ta yi sauƙi, wanda shi ma wata ƙaramar rowa ce, tunda da rana tsaka na ci masa mutunci. Na ajiye kuɗin, na faɗa masa abin da aka gani a cikin mastan, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya ce, "Amma Malam, waɗanda suka ji ranar ba su ji yau ba." Ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa na dama da na hagu, da wani mai shayi da ke tsallake, suka zo suka tsaya, na maimaita bayanin tun daga kan katakon da ban sa ba. Masu cinikin da suka ji ni ranar farko kuwa ba wanda ya san inda suke.

Mai shayin ne ya tambaya ko babur ɗinsa mai birkin faranti shi ma ana canza masa. Mai shagon ya ce ana canzawa, ya juya ya ɗauko masa ƙaramin gwangwani daga kan kanta.